Ɗan Maɗori a Jerin Masu Jira

Sabon Gari, Jega
6 ga Satumba

Zuwa ga Gwaggona Barakatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya ke da mutanen gida duka. Yaya kunnen, yaya kuma gwiwar da ta hana ki zuwa suna gidan Kubura? Ni lafiyata ƙalau, sai 'yar mura da ruwan shekaranjiya ya bar mani. Da kunnenki yana ɗaukar waya da tun daga tasha na kira ki, amma tunda takarda ce hanyarmu, ga ta nan ta hannun Yari direba.

Gwaggo, an yi intabiyun nan da na shekara uku ina roƙon Allah a kira ni. Mun cika barandar kwalejin likitanci maƙil, kowa da sabuwar riga, ana kiran mu ɗaya bayan ɗaya. Kafin a fara, wani jami'i ya yi mana bayani cewa makin jarrabawar shiga jami'a da na tantancewar da muka rubuta su ne kaso mafi girma. Intabiyu ƙaramin kaso ne, amma da yake makinmu ya yi kusa da juna, shi ne zai raba gardama. Ya ce ba ilimi suke nema a ɗakin ba, wannan sun gani a takarda. So suke su ga ko mutum ne da za a iya damƙa wa marar lafiya.

A bencin da na zauna na gamu da wani ɗan Kimba, Nuraddeen, sa'ana ne, shi ma nemansa na uku ke nan. Ashe mota ɗaya muka shiga daga Jega ba mu san juna ba. Ya ga na tsorata, sai ya shiga yi mani tambayoyi da muryar farfesa har na yi dariya, tsoron ya ragu. Tare muka kwana a masauki, tare muka dawo.

Da aka kira ni na tarar da mutum uku: wani dattijon farfesa, da wata likitar ƙashi, da wani malami. Sun tambaye ni dalilin da ya sa nake son likitanci, da abin da zan yi in marar lafiya ya ƙi maganin da na san shi zai cece shi. Ina jin ban yi ɓaranɓarama ba a nan. Sai likitar ta duba takarduna ta ga Aliero, garinmu da ya yi suna da ɗori, ta tambayi sana'ar mahaifina. Na ce maɗori ne, gado ne tun kakanni. Nan zancen ya tsaya har lokacina ya ƙare. Na gaya musu duk abin da na gani a zauren Baba, mai daɗi da marar daɗi, suna ji suna rubutawa.

Sauran bayani sai wani jiƙon, don Yari ya riga ya tada mota, fasinja suna ta mita. A sa ni a addu'a.

Ɗanki,
Zayyanu Tamu

Maiyama
10 ga Satumba

Ɗana Zayyanu,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta ishe ni lafiya, na gode wa Allah da ya kai ka ya maido ka. Mu nan lafiya lau. Gwiwa tana nan awa jiya, kunne kuwa sai an ɗaga murya, shi ya sa jikoki sunka mai da ni abin wasa. Ka sha citta da lemun tsami, ka bar yawo cikin ruwa.

Na ji daɗin labarinka ƙwarai. Tun ranar da anka kawo mani kai kana rarrafe, bayan rasuwar mahaifiyarka, ban taɓa ganin ka so wani abu awa yadda ka so karatun ga ba. Na koyar da yara har na yi ritaya, na san mai son abu da baki, na san mai son shi da zuciya.

Amma akwai maganar da ta hana ni sukuni. Babanka ya zo Maiyama shekaranjiya ta'aziyyar wani abokin cinikinsa na albasa, ya biyo ya gaishe ni. Don murna sai na ɗauko takardar na karanta mashi, tunda ka san shi da boko sai kallo. Shina ta murmushi, har da tambayar ko ɗan wa ne yaron Kimba, sai da na kai inda ka ce ka gaya masu duk abin da ka gani a zaurensa sunka rubuta. Ya ce in maimaita, na maimaita. Ya ce su wa sunka rubuta? Na ce likitocin gwamnati mana. Daga nan bai ƙara cewa komi ba. An kawo fura bai taɓa ba, ya ce hadari ya taso zai kama hanya, alhali sama tas take.

Tamu ƙanena ne, na san shurunsa. To mi ka gaya masu, Zayyanu, kuma mi sunka rubuta? Ka amsa mani da motar gobe.

Gwaggonka,
Barakatu

Sabon Gari, Jega
24 ga Satumba

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan lafiya ce ta sa na ji ki shuru. Na leƙa tasha ban ga Yari ba, an ce motarsa ta lalace tana gareji. Wannan na ba Malama Iklima ce, abokiyar aikina a makarantar da nake koyarwa, 'yar Maiyama ce, ta ce ta san gidan. Mura ta tafi.

Sakamako ya fito. Ba a ɗauke ni ba, ba a kuma sallame ni ba. An sa ni a jerin masu jira.

Na koma kwalejin don in ji ma'anar abin daga bakinsu. Jami'in ya ce gurbi ƙayyadadde ne, ba su da ikon ƙara ko mutum ɗaya a kan adadin da aka yanka musu. Sai in wani cikin waɗanda aka ɗauka ya ƙi zuwa, ko ya tafi wata jami'ar, ko takardunsa suka samu matsala wajen rajista, sannan a ɗauko na saman jerinmu. An jera mu bisa maki. Muna wajen tsakiya ni da Nuraddeen, sunansa a sama, nawa yana bin nasa. Bara jerin ya motsa har ya wuce inda muke, bara waccan kuwa ko kusa bai zo ba. Ya ce shi kansa bai san yadda bana za ta kasance ba, kuma duk wanda ya ce mani zai iya tura sunana gaba, ƙarya yake yi.

Na tambaye shi ko zancen ɗori ne ya jawo mani. Ya ce ba a nuna wa kowa makin intabiyu, amma akwai waɗanda suka fi ni makin jarrabawa da aka sallama, in je in yi wa kaina hisabi. Wannan ya ɗan sanyaya mani rai.

Ga inda gizo ke saƙar. Duk wanda ke jerin an ba shi gurbi a kwas ɗin anatomi, wato sanin sassan jikin ɗan Adam. Karatu ne mai kyau, amma ba ya mai da mutum likita. In ka karɓa a intanet sunanka ya fita daga jerin jira ke nan, babu komowa. In kuma ba ka karɓa ba har ƙarshen Oktoba, shi ma ya wuce ka, ko da jerin bai iso kanka ba. Na gaji, Gwaggo. Ɗaliban da na koya wa kimiyya suna jami'a, in mun gamu sai su durƙusa su ce Malam, ni kuwa in rasa inda zan sa fuskata. Zuciyata ta fi karkata ga in karɓa in huta.

Na so in ji ta bakin Baba, amma na yi ta kira ba ya ɗauka. Ko wayarsa ce ta sake faɗawa ruwa a fadama?

Ɗanki,
Zayyanu

Maiyama
1 ga Oktoba

Zayyanu,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya gwargwado. Sai da Malama Iklima ta kawo taka na gane tawa ba ta ishe ka ba, ashe tana can cikin motar Yari a gareji ni ina nan ina jin haushinka. Na aika an karɓo, ga su nan biyu tare. Ka fara karanta tsohuwar.

Wayar babanka lafiyarta lau. Da na ji ku shuru kai da shi, sai na ɗaure gwiwa na tafi Aliero da kaina. Na tarar da zaure a rufe. Zauren da tun muna yara ban taɓa ganin an ja mashi ƙofa da rana ba. Majinyatan da ke kwance ya sallame su, har da wani bawan Allah ɗan Sabiyal mai karayar cinya, wanda anka ɗauka a amalanke ƙashi bai gama kamawa ba. Duk wanda anka kawo sai ya ce ba shi da lafiya, a gwada wani gida.

Ka tuna bara an yi ta raɗe-raɗin za a zo a binciki masu ɗori, a rufe na rufewa. To shi a ganinsa ka kai sunansa da kanka, an rubuta, saura zuwan mota. In ya ji ƙarar mota a ƙofar gida sai ya miƙe ya sa hula. Ya ce mani ba kamun ke damunsa ba. Abin da ke cinsa shi ne, shi bai tilasta maka zama zaure ba ko da kai kaɗai ne namiji, ya bar ka ka bi abin da kake so, ashe sai ka taka shi za ka hau. Ya rame, Zayyanu.

Na yi ta kare ka, amma da mi zan kare ka, tunda ni ma abin da ka rubuta kaɗai na sani? Laifina ne da na karanta mashi ban tsaya na tambaye ka ba, naka ne da ka rubuta rabin magana. In kuwa har don su ɗauke ka ka zubar da mutuncin ubanka gabansu, to ka gaya mani gaskiya in san irin tarbiyyar da na yi.

Zancen jira kuma, ni dai a nawa ganin ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Amma ba shi ne gabanmu ba yanzu.

Barakatu

Sabon Gari, Jega
5 ga Oktoba

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina fatan gwiwar ba ta tashi ba saboda tafiyar da na jawo miki. Ni jikina lafiya, zuciyar ce dai.

Ina gama karanta takardunki na nemi izini a makaranta na hau mashin zuwa Aliero. Na tarar da Baba a ƙofar gida. Ya amsa gaisuwata, ya tambayi aiki, ina buɗe baki ya miƙe ya ce zai duba irin albasa. Na bi shi har fadama, ya juyo ya ce mani ba yanzu ba. Ke ce gaba da shi, ba zai tashi ya bar ki kina magana ba. Don Allah ki karanta masa wannan, kada ki tsallake komai.

Da na ce mahaifina maɗori ne, likitar ta ajiye biro. Ta ce kusan kowane wata sai ta yanke hannu ko ƙafar da aka ɗaure tamau a wajen ɗori har jini ya daina zuwa, kuma yawanci yara ne. Ba da faɗa ta faɗa ba, kamar wadda abin ya daɗe yana ci. Sannan ta ce:

"A ce ka zama likita, aka kawo maka yaro daga zauren babanka hannunsa ya yi baƙi. Me za ka yi?"

Na san amsar da za ta fi sauƙi, in ce ɗori jahilci ne, na baro shi. Na kasa. Na ce zan fara da yaron, in yi duk abin da zai ceci hannun ko ransa. In na gama in tafi gida, in tuɓe takalmi, in jira zaure ya watse, in gaya wa babana abin da na gani, ni da shi kaɗai.

Farfesan ya ce, zai saurare ka? Na ce zai saurara, don shi da kansa ba ya taɓa karayar da ƙashi ya huda fata, asibiti yake turawa, kuma kullum da safe sai ya bi majinyata yana taɓa yatsunsu ya ji ko da ɗumi. Na gaya musu tun ina yaro in na je gida hutu ina ganin ana kawo mutane a kwance suna komawa da ƙafarsu, mutanen da in an ce su tafi babban asibiti gida za su koma su kwanta. Wannan shi ne mai daɗin.

Marar daɗin kuma, na ce na taɓa ganin ƙafar da ta warke amma ta gajarce, don ƙashin ya hau kan ɗan'uwansa a can ciki, kuma da an ɗauki hoto da an gani. Na ce babana da yatsunsa yake gani, kuma suna gani ƙwarai, amma akwai abin da yatsa ba ya kaiwa, shi na zo nema. Ban faɗi sunan mai ƙafar ba. Ba wanda ya tambayi unguwarmu ko ƙofar gidanmu. Abin da suke rubutawa maki ne, Gwaggo, makina, kamar yadda kike yi wa yara a aji. Ba masu bincike ba ne, malamai ne. Da zan fita ma likitar cewa ta yi in gaida babana.

Ki ce masa ya gafarce ni da gajeren rubutu. Ki ce masa in don ni ya rufe zaure, to na fi son in rasa gurbin nan da a ce mutumin Sabiyal ya gurgunce. Kuma maganar jira ko karɓa na ajiye ta a gabansa, abin da ya ce shi zan yi.

Ɗanki,
Zayyanu

Maiyama
14 ga Oktoba

Ɗana Zayyanu,

Wa'alaikumus salam. Ina lafiya, gwiwa ta yi kumburi kaɗan amma ta biya bukata. Ka kwantar da hankalinka.

Na tafi Aliero, na sa anka kira shi ɗakin da nake sauka, na zauna bakin ƙofa yadda ba shi da hanyar fita sai ta kaina. Na karanta mashi tun daga sallama. Da farko bango yake kallo. Da na kai wurin tuɓe takalmi sai ya sunkuyar da kai. Da na kai wurin ƙafar da ta gajarce, na yi zaton nan za ya tashi, sai ya matso kusa da kunnena ya ce:

"Wagga gaskiya ta. Na san ƙafar da yaka nufi."

Ya sa na maimaita mashi inda likitar ta ce a gaishe shi. Ya ce wai da gaske mace ce ke yanke ƙafa? Na ce da gaske. Ya girgiza kai ya ce Allah ya ba ta lada, aikin ga ba daɗi gare shi ba. Bai ce ya yafe ba, ka san shi, amma kafin in bar garin ya aika Sabiyal a maido mashi mutuminsa, kuma da idona na ga an share zaure an shimfiɗa tabarmi.

Na kawo mashi zancen jira, na gaya mashi nawa ra'ayin ban ɓoye ba, cewa ka karɓi abin da ke hannu. Ya ce anatomin nan, in ka gama, za a kawo maka mai ciwo? Na ce a'a. Sai ya ce in rubuta maka wannan yadda ya faɗe shi:

"Ki ce mai shi jira. In sun kira shi, to. In ba su kira ba, gida na nan, albasa na nan, shi zo shi zamna shekara guda shi sake nema. Ba mai ce mai don mi."

Ni har yanzu ina tsoro, don na ga yara da yawa da jira ya cinye. Amma ubanka ya yi magana, kuma na lura tun da kake faɗin ka gaji ba ka taɓa cewa kana son anatomin ba. Allah ya zaɓa mafi alheri. Ka je ka gaishe shi ran Juma'a, kada ka tada zancen, ka dai zauna a zaure.

Gwaggonka,
Barakatu

Sabon Gari, Jega
3 ga Nuwamba

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Ina zuwa Aliero duk Juma'a, Baba har ya fara sa ni riƙe masa ƙafar majinyaci in zai ja.

Wa'adi ya cika, ban karɓa ba. Yanzu ba ni da komai a hannu sai suna a jeri.

Nuraddeen ya karɓa. Ya zo Jega ana saura kwana kaɗan, muka zauna a gindin bishiyar bedi bayan makaranta. Na gaya masa ni zan jira, na roƙe shi ya jira, tunda shi ne ma a gabana, in rabo zai zo sai ya bi ta kansa. Ya ce gulbi ya cinye musu shinkafa bana, mahaifinsa ya tsufa, ƙannensa shi suke kallo. Ya ce ni an ce mani in dawo gida ba mai tambaya, shi kuwa in ya koma Kimba hannu wofi karo na uku, ba wanda zai yi masa faɗa, amma karatu ya ƙare ke nan. Ni na raka shi shagon kwamfuta. Ya daɗe yana kallon allon kafin ya danna, da muka fito kuma shi ne mai ba ni dariya a hanya. Ya riga ya tafi, sun fara rajista.

Ina shiga aji ina fita, waya tana aljihu, ko saƙon kamfani ya shigo sai in yi sauri in duba. An ce sai an rufe rajistar 'yan likitanci za a san guraben da suka rage. Ki ci gaba da addu'a.

Zayyanu

Sabon Gari, Jega
27 ga Nuwamba

Gwaggona Barakatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kina lafiya, kuma ina roƙon ki zauna kafin ki ci gaba da karatu. An ɗauke ni.

Shekaranjiya ina tsakiyar darasi waya ta yi ƙara, na ga Nuraddeen ne, na fita baranda. Ya ce yana tsaye gaban allon sanarwar kwaleji, yanzu aka liƙa sunayen waɗanda aka ɗauko daga jerin jira, kuma nawa ne na ƙarshe. Na sa ya karanta mani har da lambar jarrabawa. A nan barandar na yi sujada, ɗalibai suna leƙe ta taga. Kafin azahar saƙon kwalejin ya shigo.

Na wuce Aliero. Na tarar da Baba yana ɗaure wa wata mata hannu. Na durƙusa na gaya masa, bai ɗago ba, ya ce alhamdu lillahi, ya ce in riƙe masa nan. Sai da ya gama ya shiga gida, na ji yana gaya wa mata da ƙarfi har maƙwabta suka fito.

A kan mashin, ina hanyar komowa Jega, abin ya faɗo mani. Ni ne na ƙarshe, kuma sunan Nuraddeen ne a kan nawa. Da ya jira, gurbin ƙarshen nan nasa ne, ni ne zan tsaya a waje. Ba wai kawai ya rasa ba, Gwaggo, kujerarsa ce aka ba ni. Na sa mai mashin ya tsaya, na sauka na zauna a bakin hanya.

Da la'asar na kira shi. Na yi ta kewaye-kewaye na kasa faɗa, sai ya katse ni. Ya ce tun yana gaban allon ya gane, kafin ya kira ni, kuma sai da ya zagaya bayan ginin ya ɗan tsaya tukuna. Ya ce ba zai yi mani ƙarya ba, da ciwo, kuma zai daɗe da ciwo. Amma da idonsa a buɗe ya danna, kuma in dai wani zai zauna a wurin, gara wanda ya sani. Na ce masa ban san abin da zan ce ba. Ya ce:

"Kada ka ce komai. Ka dai zo da wuri, ɗakunan kwana sun kusa cika. Na hana kowa gadon da ke kusa da nawa."

Gobe in Allah ya so zan shigo Maiyama in yi miki sallama, jibi in biya Kimba in gaida mahaifin Nuraddeen, don Baba ya ce kada in kuskura in wuce ban je ba. Ban san da wace fuska zan shiga ɗakin kwanan da ya kama mani gado ba, Gwaggo. Amma ran Litinin zan tafi makaranta.

Ɗanki,
Zayyanu Tamu